Fashin baƙi: yaƙi da kutse a na'urar CUORE da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso

A tsakiyar ƙasar Italiya, ƙarƙashin dutsen Gran Sasso, akwai ɗakunan bincike da dutse mai kaurin mita 1,400 ya lulluɓe. A ɗaya daga cikinsu aka rataye kiristal 988 na teluriyom oksayid, kowanne mai faɗin santimita 5 ta kowane ɓangare da nauyin giram 750, an jera su a hasumiya 19 masu hawa 13. Ana riƙe da su a cikin wani babban firji, a sanyin milikelbin 10 zuwa 15, wato tazararsu da ƙarshen sanyi gaba ɗaya, -273.15 a ma'aunin Selshiyos, ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na digiri ɗaya ba. Sunan na'urar CUORE, kuma ta fara ɗaukar bayanai a 2017.

Abin da take jira shi ne wata rikiɗa da har yau ba wanda ya tabbatar da ganinta. A cibiyar atam ɗin teluriyom-130, niyutiron biyu kan koma furoton biyu a lokaci guda, su saki elektiron biyu da niyutirino biyu, wasu 'yan ƙwayoyi marasa caji da kusan ba sa taɓa komai. Wannan an gan shi, an auna shi. Wadda ake nema ita ce 'yar'uwarta da ba niyutirino a cikinta. Idan ta tabbata, to niyutirino shi ne kishiyar kansa (kowace ƙwaya tana da kishiya mai nauyi irin nata amma akasin cajinta), kamar yadda Ettore Majorana ya nuna zai iya yiwuwa a 1937, kuma hakan zai buɗe ƙofar fahimtar dalilin da ya sa abu ya rinjayi kishiyarsa a farkon halitta. Alamarta guda ce tak. Tun da babu niyutirino da zai gudu da wani kaso na kuzarin, elektiron biyun za su ɗauke shi duka, keV 2,528 cif (keV ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne). Saboda haka duk aikin ya koma ƙirga abubuwan da suka faɗo a wata 'yar taga da ke kewaye da wannan lamba.

Lissafi kaɗan zai nuna girman wahalar. A cikin kilo 742 na kiristal ɗin akwai kilo 206 na teluriyom-130, kusan atam 9.5 × 10²⁶. A ce rabin-ran wannan rikiɗa, wato lokacin da rabin atam ɗin za su ɗauka kafin su rikiɗe, shekara 10²⁶ ne. To duk na'urar za ta ga rikiɗa shida zuwa bakwai ne a shekara. A sakamakon da CUORE ta fitar a 2022, kutsen da ke wannan yanki, wato bugun da ba na wannan rikiɗa ba, ya kai ƙirga 0.015 a kowace keV, a kowane kilo, a kowace shekara, kuma faɗin tagar kusan keV 8 ne. A ninka 0.015 da 8 da 742, a sami kusan 90 a shekara. Baƙi casa'in ke nan a ƙofar da ake jiran 'yan gida shida, kuma duk riga iri ɗaya suka sa.

Dole a raba abubuwa biyu da mutane kan haɗa. Na farko shi ne kutse: ƙwayoyi na gaskiya da suka bugi kiristal, suka bar kuzarin da ya yi daidai da wanda ake nema. Na biyu shi ne hayaniya: girgiza da rawar wutar lantarki da ke sa ma'auni ya ƙi tsayawa cak, har tagar ta yi faɗi. Su biyun ninka juna suke yi. Muddin akwai kutse, ƙarfin ganin na'ura yana ƙaruwa ne da tushen murabba'in nauyi da lokaci, wato sai an jira shekara huɗu kafin a ninka abin da shekara ɗaya ta bayar. Idan kuwa kutse ya sauka har ya kusa sifili, kowace shekara sai ta biya cikakken haƙƙinta. Shi ya sa masu wannan aiki suka fi kashe shekarunsu a wanke jan ƙarfe fiye da ƙara yawan kiristal.

Yadda kiristal ke ji

A irin wannan sanyi, ɗumin da abu mai ƙarfi ke buƙata kafin zafinsa ya motsa yana raguwa da ninkin zafin sau uku. A rage zafin sau goma, buƙatar ta ragu sau dubu. Don haka ƙwaya ɗaya mai kuzarin MeV 1, wato keV 1,000, tana ɗaga zafin kiristal mai giram 750 da kusan milikelbin 0.1, kuma ana iya auna wannan. Mai aunawar wata 'yar ƙwayar jamaniyom ce mai faɗin milimita 3 da aka gasa da niyutiron a tukunyar nukiliya, wadda turjiyarta ga wutar lantarki ke faɗuwa sosai da zarar ta ɗan ji ɗumi. Ana manna ta da ɗigo-ɗigon gam guda tara. Idan aka shafa gam ɗin shimfiɗa guda, gam da kiristal ba sa tsukewa daidai lokacin sanyaya, sai fuskar kiristal ta tsage. Wayoyin zinariya masu kaurin mikron 25 (mikron dubu ne milimita ɗaya) ne ke fitar da siginar. A gefe akwai ɗan hita na silikon da ke zuba sanannen ɗumi duk bayan 'yan mintoci, don a gane ko ma'aunin ya zame.

Raunin wannan tsari shi ne ɗumi kawai yake ji. Bai san wace ƙwaya ce ta kawo shi ba, bai kuma san ko a tsakiyar kiristal abin ya faru ko a bakin fatarsa ba.

Abin da ake tarewa daga waje

Dutsen shi ne garkuwar farko. A doron ƙasa, ƙwayoyin miyuwon da hasken sararin samaniya ke haifarwa suna ratsa kowace murabba'in santimita kusan sau ɗaya a minti. A Gran Sasso sun ragu kusan sau miliyan, zuwa kamar ɗaya a murabba'in mita a awa. Sai dai dutsen da kankaren ɗakin su ma suna ɗauke da yuraniyom da toriyom, suna fitar da gamma, wato haske mai tsananin kuzari, da niyutiron. Don haka aka kewaye firjin da roba mai kauri ta foliyetilin, santimita 18, wadda ke rage wa niyutiron gudu, sai santimita 2 na garin asid ɗin boron da ke haɗiye su, sannan santimita 25 na dalma don tare gamma. Jerin yana da dalili. Idan boron ya haɗiye niyutiron yakan saki gamma, saboda haka dole dalma ta kasance daga ciki.

Dalmar da ke dab da kiristal kuwa labarinta daban ne. Duk dalmar da aka narka kwanan nan tana ɗauke da dalma-210 mai rabin-rai shekara 22.3, kuma ba wata hanyar sinadari da za ta raba dalma da dalma. Magani ɗaya ne, lokaci. A 1988 aka gano wani jirgin ruwan Rumawa da ya nutse a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kusa da tsibirin Mal di Ventre a gaɓar Sardiniya, maƙare da sandunan dalma masu nauyin kusan kilo 33 kowace. Shekara dubu biyu sun kai rabin-rai casa'in, wato dalma-210 ɗin da ke ciki ta ƙare ƙaf. Masanin kimiyyar nan na Milan, Ettore Fiorini, ya sa cibiyar binciken nukiliya ta Italiya ta taimaka da kuɗin tsamo kayan, a madadin wani kaso daga cikinsu. A 2010 aka kai sanduna 120 Gran Sasso. An yanke ɓangaren da ke ɗauke da tambarin masu ƙerawa aka mayar wa masu adana kayan tarihi, sauran aka narka aka yi garkuwa mai kaurin santimita 6 da ke kewaye da kiristal ta gefe da ƙasa, a cikin firjin, a sanyin kelbin 4. Wasu masana tarihi ba su ji daɗin narka kayan ba, kuma damuwarsu tana kan hanya, domin abin da aka narka ba ya dawowa.

Gamma ɗin da ya fi damun teluriyom shi ne na taliyom-208, jikan toriyom-232, mai keV 2,615. Ya ɗara tagar da keV 87 kacal. Idan ya ɗan goga a jikin wani abu ya zubar da kaɗan daga kuzarinsa kafin ya shiga kiristal, sai ya faɗo cikin tagar daidai. Ba a iya tace shi bayan ya faru, sai dai a hana toriyom shiga tun farko. Kowane ƙusa da waya da gam da tukunyar firji sai an auna samfurinsa, ko dai da na'urar jamaniyom mai ƙirga gamma na makonni, ko a narka shi a asid a ƙirga atam ɗinsa, ko a gasa shi da niyutiron a ga abin da zai fito. Abin da ya faɗi jarrabawa ba ya shiga, komai kyansa.

Sai kuma abin da hasken sararin samaniya ke shukawa a cikin kayan tun suna doron ƙasa. A jan ƙarfe yakan haifar da kobal-60 mai rabin-rai shekara 5.3, wanda ke sakin gamma biyu tare, keV 1,173 da 1,332. Jimillarsu kusan 2,506, taku kaɗan ƙasa da tagar, kuma ana ganin tsininsa ƙarara a bayanan CUORE. Shi ya sa ake ajiye jan ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, ana ƙirga kwanakin da ya yi a sama lokacin ƙira. Su kuma kiristal ɗin, da aka rena a cibiyar binciken tangaran ta Shanghai, ta jirgin ruwa aka kawo su Italiya. A tsayin da jirgin sama ke tafiya, niyutiron sun fi na ƙasa yawa fiye da sau ɗari.

Akwai wata dabara mai araha a nan. Rikiɗar da ake nema kusan sau 88 cikin 100 tana ƙarewa a cikin kiristal ɗaya, domin elektiron ba sa tafiya fiye da 'yan milimita. Gamma da miyuwon kuwa sukan taɓa kiristal biyu ko fiye. Duk abin da ya motsa maƙwabta a cikin 'yan milisakan, sai a jefar da shi.

Da ɗan gari akan ci gari

Bayan duk wannan garkuwa, kusan kashi 90 cikin 100 na kutsen da ya rage a tagar CUORE ba daga waje yake zuwa ba. Daga fatar jan ƙarfe da robar Teflon da ke riƙe da kiristal yake fitowa, da fatar kiristal ɗin kansa.

Ƙwayar alfa (cibiyar atam ɗin hiliyom) daga zuriyar yuraniyom ko toriyom tana fita da MeV 4 zuwa 9, nesa da tagar. Idan gurɓatar tana tsakiyar kiristal, ba matsala, duk kuzarin zai bayyana a can sama, a gane shi. Amma alfa ba ta tafiya fiye da mikron goma zuwa 'yan gomomi a cikin abu mai ƙarfi, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. A ce atam ɗin foloniyom-210 yana zaune mikron 5 ƙarƙashin fatar jan ƙarfe. Alfarsa mai keV 5,304 za ta zubar da wani kaso a cikin jan ƙarfen, wanda ba ma'auni a jikinsa, ta tsallaka ta ƙarasa a kiristal da abin da ya rage. Ragowar na iya zama kowace lamba daga sifili zuwa 5,304, gwargwadon zurfi da kusurwar fita. Sai a sami shimfiɗar kutse da ta ratsa ta cikin tagar. Ana auna tsayinta a yankin keV 2,700 zuwa 3,900, inda gamma na halitta ya riga ya ƙare, bayan an cire tsinin filatinom-190 da ke kusa da 3,250, wanda ya shiga kiristal tun lokacin renonsa.

Ina gurɓatar ke fitowa? Wani kaso daga ƙura da man injin yanka da baƙin wuƙar ƙira. Kaso mai yawa kuma daga iska. Radon-222 yana cikin kowace iska da ake shaƙa, rabin-ransa kwana 3.8. 'Ya'yansa suna ɗauke da caji, suna manne wa duk fuskar da suka samu, musamman roba irin Teflon. Idan suka rikiɗe a kan fuskar, ƙarfin koma-bayan yana cusa sabon atam ɗin cikin fatar, zurfin gomman nanomita, inda shafa da tsumma ba zai kai ba. A ƙarshe su tsaya a dalma-210, wadda za ta yi ta haifar da foloniyom-210 har shekaru gommai. Barin kaya a buɗe na 'yan kwanaki na iya lalata aikin shekara goma.

Wankin jan ƙarfen CUORE, da aka yi a cibiyar Legnaro kusa da Padova, mataki huɗu ne. Da farko a juya kayan a ganga da 'yan duwatsun goge don kankare tabon ƙira. Sai gogewa da lantarki a cikin asid, wadda ke ɗauke gomman mikron daga fatar. Sai wanki da sinadari. Daga ƙarshe a kankare da filasma, wato gas mai caji, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda babu ruwan da zai dawo da datti. Abin da ke ɓata irin wannan aiki sananne ne: foloniyom yana son jan ƙarfe. Asid na iya narkar da shi daga fatar, amma yana cikin ruwan sai ya koma ya zauna a sabuwar fatar da aka fito da ita. Wanki da asid kaɗai na cire dalma-210 ya bar foloniyom, shi ya sa matakin lantarki ba ya tsallakuwa.

Daga nan kayan ba sa sake ganin iska. An haɗa hasumiyoyin a akwatuna rufaffu masu safar hannu, cike da naitirojin, hannun mutum-mutumi ne ke ɗiga gam. A 2016, da aka zo rataye su a firjin, an yi aikin a ɗakin da aka tace iskarsa har radon ya sauka ƙasa da bekerel 0.1 (bekerel ɗaya rikiɗa ɗaya ce a sakan) a kowace lita dubu ta iska, alhali iskar ɗaki ta yau da kullum na ɗauke da gommai. An kuma rage yawan jan ƙarfen da ke fuskantar kiristal tun daga zane. Amfanin ya fito a lambobi. A Cuoricino, na'urar farko mai kiristal 62 da ta yi aiki daga 2003 zuwa 2008, kutsen alfa ya kai ƙirga 0.11 a kowace keV, a kowane kilo, a kowace shekara. A CUORE-0, hasumiya guda da aka haɗa da sabuwar hanyar, ya sauka zuwa 0.016, ragin kusan sau bakwai. Wannan babban aiki ne, amma daga nan wanki ya kusa iyakarsa.

Girgiza

A nan hayaniya ke shigowa. Firji mai ɗauke da tan-tan na dalma da jan ƙarfe ba zai dogara da wankan ruwan hiliyom ba, domin cika shi a kai a kai na katse aiki. An yi amfani da injinan bugun hiliyom guda biyar, ana kunna huɗu a lokaci guda, kowanne yana bugawa sau 1.4 a sakan. Bugun yana bi ta ƙarafa ya isa kiristal, ya gogu da Teflon, gogayyar ta zama ɗumi, ma'auni kuma ya ji. An rataye hasumiyoyin a wani ƙarfe daban da ke zaune a kan sifirin na musamman, ba a jikin firjin ba. Sannan aka gano cewa idan aka sarrafa tazarar bugun injinan huɗu, girgizar wani na kashe ta wani, sai ake lalubo jerin da ya fi shiru a riƙe shi.

Abin da ya rage ana rage shi da lissafi. An kafa makirfo da ma'aunan girgiza a jikin ginin, ana koyon yadda motsinsu ke bayyana a siginar kowane kiristal, a debe shi. Kaifin jin na'urar ya kai har masu aikin suka ga hayaniyarta na ƙaruwa idan hadari ya tayar da igiyar ruwa a tekunan da ke gefen Italiya biyu, duk da nisan gomman kilomita da dutsen da ke tsakani.

Ido na biyu

Tun da ba za a iya wanke alfa ta ƙare ba, sai a koya wa na'urar ta gane ta. Magajiyar CUORE, mai suna CUPID, za ta shiga firji ɗaya, amma da kiristal na litiyom molibdet wanda aka wadata da molibdenom-100. Wannan kiristal yana walƙiya idan ƙwaya ta buge shi. Hasken kaɗan ne ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin dubu na kuzarin, don haka ake sa wani siririn faifan jamaniyom a gefensa, shi ma ma'aunin ɗumi ne, ya sha hasken ya auna. A kuzari ɗaya, alfa tana ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na hasken da elektiron ke bayarwa. A ɗora ɗumi da haske a kan zane guda, sai su rabu gida biyu. Gwajin CUPID-Mo mai kiristal 20 da aka yi a Modane ta Faransa ya nuna ana iya jefar da fiye da kashi 99.9 cikin 100 na alfa ba tare da asarar elektiron ba. Riba ta biyu ita ce tagar molibdenom-100 tana keV 3,034, sama da gamma na 2,615. Burin CUPID shi ne kutsen 0.0001, ragin fiye da sau ɗari. A kiristal 1,596 masu jimillar kilo 450 da taga ta keV 5, wannan bai kai baƙo ɗaya a shekara huɗu ba.

A wannan mataki ƙananan abubuwan da alfa ta rufe a da suna fitowa fili. Taliyom-208 da ke cikin kiristal ko fatarsa yana sakin elektiron tare da gamma, jimillarsu na iya kaiwa 3,034, kuma haskensu irin na abin da ake nema ne. Ana kama shi ta hanyar uwarsa: bismut-212 na sakin alfa mai kusan MeV 6.2 kafin ya zama taliyom, wanda rabin-ransa minti 3 ne. Da an ga wannan alfa, sai a toshe kunnen kiristal ɗin na minti 20 zuwa 30. Miyuwon ɗin da dutse ya bari su ma sun isa a kafa musu na'urar tsaro ta daban a kewayen firjin.

Mafi wuya shi ne wanda ke fitowa daga molibdenom ɗin kansa. Rikiɗarsa mai niyutirino biyu tana da rabin-rai shekara 7.1 × 10¹⁸, ta fi ta teluriyom sauri kusan sau ɗari. A kiristal mai giram 280 tana faruwa kusan sau 240 a rana, ɗaya duk minti shida. Ma'aunin ɗumi kuwa mai nawa ne, siginarsa na ɗaukar gomman milisakan kafin ta hau. Idan rikiɗa biyu suka faɗo cikin milisakan ɗaya, na'urar za ta gan su abu guda, kuma jimillar, a ce 1,400 da 1,634, na iya zama 3,034 daidai. A kiristal 1,596, irin wannan karo yana faruwa sau ɗaruruwa a shekara, kaɗan daga ciki su faɗo a tagar. Garkuwa ba ta tare shi, wanki ba ya cire shi, gwajin haske ma ba ya ganin bambanci, domin elektiron ne na gaskiya daga atam ɗin da ake sauraro.

Mafita ita ce sauri, kuma faifan haske ya fi kiristal saurin amsawa, sai dai siginarsa ƙarama ce. Don haka ake shimfiɗa zobban aluminiyom a fuskar faifan, a ɗora musu wutar da ta kai gomman bolt zuwa ɗari. Cajin da haske ya saki yana gudu a cikin wannan wuta yana ƙara ɗumi, siginar ta ninka kusan sau goma, dabarar da ake kira da sunayen Neganov da Trofimov da Luke. Da haka ake so a iya raba bugu biyu da tazararsu ba ta kai rabin milisakan ba. Haɗarinta shi ne ɗigar wuta: ƙaramin lahani a fuskar faifan, ko ɗan hasken da ya sulalo daga wani sashe mai ɗumi na firjin, ya isa ya sa wuta ta riƙa gudana, faifan ya ɗumame ya daina aiki. CUPID na buƙatar irin waɗannan faifai fiye da 1,700, kuma kowanne sai ya riƙe wutarsa shekara goma a firjin da buɗe shi da sake sanyaya shi ke cin watanni.